"Ba Ya Gyaruwa": Nazarin Hausar Masu Gyaran Ƙananan Na'urori a Fagge da Sabon Gari ta Fuskar Buroshin Haƙori Mai Batir

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki na'ura guda ɗaya, wato buroshin haƙori mai aiki da batir, ta bi ƙirar cikinta da matakan gyaranta domin auna ƙarfin Hausar da ake amfani da ita a rumfunan gyaran kayan lantarki na Fagge da Sabon Gari a Kano. An zaɓi buroshin ne saboda ya tattara sassan da ake samu a kilifar aski da tocila da fanka mai caji, sannan an rufe shi ruf don gudun ruwa. Nazarin ya nuna cewa Hausar bakin aiki tana da wadatar aikatau masu bambance matakan gyara, amma tana da giɓi a wajen sunayen da ke rarrabe nau'o'in batir da ma'aunan wuta, kuma wannan giɓi yana iya jawo asarar dukiya ko gobara. Daga ƙarshe an dubi furucin nan "ba ya gyaruwa", an nuna abin da nahawunsa yake ɓoyewa.

Fitilun kalmomi: gyara, keɓaɓɓun kalmomi, aro, rukunan aikatau, Fagge, Sabon Gari

1.0 Gabatarwa

Ƙoƙarin bayyana kimiyya da fasaha cikin Hausa ya daɗe. Tun a tsakiyar ƙarni na ashirin Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah domin koyar da ilimin halittu da na duniya. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Waɗannan ayyuka sun fi karkata ga bukatun aji da na rubutu. A gefe guda kuma akwai wata Hausar fasaha da ke tsirowa a kan teburin mai gyaran rediyo da waya, wadda masu ita ba su jira wani kwamiti ya amince da ita ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a gwada wannan Hausa a kan aiki na zahiri. Hanyar da aka bi ita ce ta siffantawa: an bayyana yadda na'urar take aiki, an bi matakan gyaranta ɗaya bayan ɗaya, a kowane mataki kuma an duba kalmar da Bahaushe mai sana'a yake da ita, da inda kalmar ta gaza.

2.0 Fagge da Sabon Gari: Mahaɗar Sana'a da Harsuna

Fagge tsohon zango ne a wajen ganuwar Kano, inda ayarin fatake masu raƙuma daga arewa suke sauka tun kafin zuwan Turawa. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudancin Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. 'Yan kasuwar Siriya da Labanan su ma sun kafa kantunansu a yankin Fagge, inda Kantin Kwari yake a yau. Yanzu unguwannin biyu suna ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Fagge, kuma a nan ne kasuwar Sabon Gari take, wadda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi a hukumance. Titin Faransa ya yi suna da kayan wuta, Titin Beirut kuma da wayoyin hannu da masu gyaransu.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan harshe. Yaron shago Bahaushe yakan koyi aiki a hannun maigida Bahaushe ko Ibo ko Bayarabe, ya sayi kayan gyara da Burokan Ingilishi, sannan ya yi wa mai kaya bayani da Hausa. Saboda haka yawancin kalmomin aro na wannan sana'a sun shigo ne ta kunne, daga Ingilishin kasuwa, suka bi ƙa'idojin tsarin sautin Hausa. Ana saƙala wasali don raba cunkoson baƙaƙe, kamar a buroshi da kilifa da sukudireba. Sautin leɓɓa na Ingilishi da Hausa ba ta da shi yakan koma /f/, kamar a filaya da fanel. Akwai kuma faɗaɗa sunan haja ya zama sunan jinsi, kamar yadda makilin ya zama sunan kowane man goge baki.

Ba kasafai ake kai buroshi mai batir gyara ba idan aka kwatanta da waya ko fanka. Aswaki da buroshin hannu su ne suka fi yawa a gidaje. Amma ana sayar da shi a manyan kantuna, yana kuma shigowa a jakar matafiya da cikin kayan gwanjo, kuma idan ya lalace teburin mai gyaran kilifa da tocila ne ya fi kusa da shi.

3.0 Ƙirar Buroshi Mai Batir

Buroshin lantarki na farko da ya karɓu a kasuwa shi ne Broxodent, wanda Dokta Philippe-Guy Woog ya ƙirƙiro a Siwizalan a 1954, kuma da wutar bango yake aiki kai tsaye. A farkon shekarun 1960 kamfanin General Electric na Amurka ya fitar da mai batir da ake cajawa. Waɗanda suka fi yawa a yau iri biyu ne.

3.1 Mai Juyi

Wannan shi ne mai zagayayyen kai, irin wanda Oral-B ya shahara da shi tun farkon shekarun 1990. A cikinsa akwai ƙaramin inji mai juyawa gefe ɗaya. Injin yana tura giya, giyar kuma tana ɗauke da wani ƙusa da aka kafa nesa da tsakiyarta. Wannan ƙusa yana jan wani hannu gaba da baya, sai juyin da ke tafiya gefe ɗaya ya koma kaiwa da komowa a sandar da ake soka kan buroshi. Kan yana juyawa dama da hagu sau 7,600 zuwa 8,800 a minti a samfurori da dama. Duk wanda ya san yadda kan fanka yake waiwaye hagu da dama ya riga ya san wannan dabara.

3.2 Mai Karkarwa

Irin wannan ya fito kasuwa a Amurka a 1992 da sunan Sonicare, kuma kamfanin Philips ya saye shi a 2000. Ba shi da giya. Akwai naɗin waya a kan ƙarfe, wanda masu gyara suke kira kwayil, yana fuskantar wani maganaɗisu da ke manne da sandar buroshin. Allon sarrafawa yana sa wutar da ke bi ta kwayil ta kai ta komo kusan sau 260 a daƙiƙa, sai maganaɗisun ya riƙa karkarwa, gashin buroshi ya yi shara kimanin 31,000 a minti. Tsakanin kwayil da maganaɗisu akwai 'yar tazara ta kusan milimita ɗaya. Idan ta rufe, ƙarfin buroshin yakan mutu ko da batir yana cike.

Kilifar aski mai wutar bango tana aiki da irin wannan hikima, sai dai ita tana bin bugun wutar gida ne, wato sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya. Mai aski da ke murɗa noti a gefen kilifa yana sauraren ƙararta, tazarar nan yake daidaitawa.

3.3 Batir da Caja

Yawancin waɗannan buroshi ba su da ƙofar soka waya. A cikin mazaunin caja akwai kwayil, a gindin buroshi ma akwai wani. Wutar da ke kaiwa da komowa a na farko tana haifar da wuta a na biyu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. An yi haka ne domin a iya rufe jikin buroshin gaba ɗaya. Batirin kuwa ko dai na nikel ne mai ƙarfin bolt 1.2, ko na litiyam mai bolt 3.6 zuwa 3.7, kuma galibi liƙe yake da dalma a jikin allon.

4.0 Matakan Gyara da Kalmominsu

4.1 Gano Matsala

Abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne yadda Hausa take ɗaukar na'ura tamkar mai rai. Buroshi yana da kai da wuya da ciki da gindi, giyar cikinsa ma tana da haƙora. Batir yana mutuwa, yana kumbura, yana ƙin ɗaukar caji ko ya kasa riƙe shi. Na'ura tana shan ruwa, tana cin batir, tana ƙin tashi. Waɗannan kalmomi faɗaɗa ma'ana ne daga jikin ɗan Adam, kuma suna da daidaito fiye da yadda ake zato. "Ba ya ɗaukar caji" yana nuni ga caja ko kwayil ɗin gindi ko wayar da ta tsinke. "Ba ya riƙe caji" yana nuni ga batirin da ya tsufa. Aikatau biyu sun raba cuta biyu, kuma kowace da maganinta.

Haka ma kalmomin amsa-amo da na siffanta ƙara. Buroshi mai juyi da haƙoran giyarsa suka cinye yakan yi ƙara alhali kai ba ya motsi. Mai karkarwa da notin sandarsa ya saki yakan yi kwaramniya, wanda tazararsa ta rufe kuma sai dai a ji gunji mai rauni. Mai gyara yakan kai na'urar kusa da kunne kafin ya ɗauki mita.

Akwai kuma matsalar da ba a cikin buroshin take ba. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Wasu cajojin da aka saya a Amurka ba sa ɗaukar abin da ya wuce bolt 130, don haka da zarar an soka su a bangon Kano sai su ƙone. Mai kaya yakan ce buroshi ya mutu, alhali cajar ce ta ƙone.

4.2 Kwancewa

A nan ne wadatar aikatau ta fi bayyana. Ana kwance abin da aka ɗaura da noti, ana ɓalle abin da aka maƙala, ana ɓamɓare abin da aka manna da gam, ana zare abin da aka soka, ana fasa abin da ba shi da mabuɗi. Dukkansu buɗewa ne, amma kowanne yana gaya wa mai sauraro yadda aka haɗa abin tun farko, da kuma ko zai komu. A samfurori da yawa murfin gindi ake murɗawa ko a ɓalle, sannan a danna sandar kai a kan abu mai tauri, kayan cikin su zaro ta ƙasa. Haɗarin wannan mataki shi ne siraran wayoyin kwayil ɗin gindi, waɗanda suke tsinkewa da ƙaramin ja. Wasu tsofaffin samfurori kuwa narka bakin robarsu aka yi aka haɗe, saboda haka sai an fasa.

Tsarin rukunan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960 yana taimakawa wajen fahimtar umarnin da maigida yake ba yaronsa. "Cire batirin" na rukuni na 4 yana nufin a raba shi da allon gaba ɗaya. "Ciro batirin" na rukuni na 6 yana nufin a fito da shi zuwa wajen mai magana. "Liƙa wayar" na rukuni na 1 aiki ne a kan gurbi, "liƙe bakin" na rukuni na 4 kuma toshewa ce ɗungurungum. Sauyin wasali ɗaya ya wadatar, ba a bukaci aro ba.

4.3 Sauyawa da Mayarwa

Gyaran da ya fi yawa shi ne sauya batir. Ana narka dalmar da ke riƙe da kunnuwansa biyu, a lura da gefen da kowane kunne yake, a sa sabo irinsa. Ba a ɗora ƙarfe mai zafi kai tsaye a jikin batir, musamman na litiyam, shi ya sa ake neman mai kunnuwa tun daga masana'anta. Idan ruwa ya shiga, ana goge tsatsa da farin dattin da ke kan allo da sifirit, a bar shi ya bushe. A mai karkarwa ana ɗaure notin sanda, a sassauta mariƙin kwayil, a soka siririn kati a tsakani don dawo da tazarar, sannan a ɗaure a zare katin. Mataki na ƙarshe shi ne duba zoben robar gindi da robar wuya, domin ta nan ruwa da man goge baki suke kutsawa. Buroshin da ya tashi a kan tebur amma bai rufu da kyau ba, kwanansa ƙididdigaggu ne.

5.0 Tsakanin Gyara da Sauya Fasali

Kalmar gyara tana ɗauke da ma'anoni biyu da ya kamata a raba. Akwai mayar da abu yadda yake, akwai kuma sauya masa fasali domin ya yi aiki ta wata hanya. Na biyun ya zama ruwan dare a wurin da kayan gyara na asali suke wuyar samu. Idan caja ta ɓata, ana iya huda gindin buroshi a dasa ƙofar cajin waya. Idan allo ya ƙone a mai juyi, ana iya tsallake shi a haɗa inji da batir ta hanyar makunni. Kowace dabara tana da farashinta. Huda gindi yana buɗe wa ruwa hanya. Tsallake allo yana kawar da agogon minti biyu da kuma kariyar da ke hana batir cika fiye da ƙima ko ƙarewa ƙarƙaf. A mai karkarwa kuwa dabarar ba ta yiwuwa sam, tun da allon ne yake samar da bugun.

Babban haɗarin yana wajen batir, kuma a nan ne giɓin harshe ya fito fili. Batirin nikel mai girman AA da batirin litiyam mai lamba 14500 tsawonsu da kaurinsu kusan ɗaya ne, wato kimanin milimita 50 da 14. Duka biyun "batir mai caji" ake ce musu. Amma ƙarfin na biyu ya ninka na farko sau uku, kuma yana bukatar da'irar da za ta tsayar da caji a bolt 4.2. Idan aka sa shi a gurbin na nikel, allo ko inji na iya ƙonewa, batirin kuma na iya kumbura ko ya kama da wuta. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. A kasuwar da ta ga gobara irin ta watan Maris na 2016, ba ƙaramin al'amari ba ne.

Haka kalmar wuta take ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinta. Ita ce lantarki, ita ce ƙarfin turawa da ake aunawa da bolt, ita ce yawan kwarara, ita ce kuma adadin da batir yake iya adanawa. "Wannan ya fi wuta" na iya nufin ya fi daɗewa, wanda alheri ne, ko ya fi ƙarfin turawa, wanda ɓarna ce. Ƙwararren mai gyara yana rarrabewa da mitarsa da lambobin jikin batir, amma ba shi da gajeriyar hanyar faɗa wa sabon yaro ko mai kaya. Ana iya cike wannan giɓi da abin da ke cikin harshen, misali ƙarfin wuta da kwararar wuta da cikin batir, tare da tabbatar da batirin nikel da batirin litiyam a matsayin sunaye biyu mabambanta.

6.0 Nahawun "Ba Ya Gyaruwa"

Aikatau na rukuni na 7, masu ƙarewa da wasalin -u, suna nuna cewa aiki ya tabbata a kan abu: ya gyaru, ya buɗu, ya ɗauru. Idan aka sa su a lokaci mai ci, sai su ɗauki ma'anar yiwuwa, kamar a "hanyar ba ta biyuwa" ko "tuwon ba ya ciyuwa". Abin lura shi ne wannan siga ba ta ambaton mai aikatawa. Idan mai gyara ya juya buroshi ya ce "ba ya gyaruwa", jimlar ta ɗora rashin yiwuwar a kan abin, kamar ɗabi'arsa ce.

Bayanin da ya gabata ya nuna cewa aƙalla abubuwa uku ne suke fakewa a bayan wannan furuci. Na farko, abin ya lalace ta yadda ba ya komuwa, kamar allon da ruwa ya cinye. Na biyu, zai gyaru amma babu kayan gyaransa a kasuwa, ko kuɗin aikin ya kusa kuɗin sabo. Na uku, wanda ya ƙera shi ne ya zaɓi ya narke bakin robar ko ya liƙe batirin. Na farko ne kaɗai ya dace da rukuni na 7. Na biyu maganar ciniki ce. Na uku kuwa yana da mai aikatawa, kuma Hausa tana da jimlar da ta dace da shi, wato "ba a yi shi don a gyara ba".

Wannan bambanci shi ne tushen muhawarar 'yancin gyara a Turai. A 2009 Martine Postma ta shirya zaman gyaran kaya kyauta na farko a Amsterdam, daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A Janairun 2021 Faransa ta fara tilasta a nuna makin sauƙin gyara a jikin wasu kayan lantarki. Dokar batura ta Tarayyar Turai ta 2023 ta tanadi cewa daga Fabrairun 2027 mai kaya ya iya cire batir ya sauya da kansa, amma ta sassauta wa na'urorin da ake amfani da su cikin ruwa, inda ta wadatu da cewa ƙwararre mai zaman kansa ya iya sauyawa. Buroshin haƙori yana kan wannan iyaka, domin hujjar hana ruwa shiga gaskiya ce, sai dai zoben roba da murfi mai murɗawa su ma suna hana ruwa ba tare da sun hana gyara ba. A Kano, abin da aka yanke wa hukuncin rashin gyaruwa yakan ƙare a buhun 'yan jari bola ko a juji, da batirinsa a ciki.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Hausar masu gyara a Fagge da Sabon Gari tana tafiya ne a kan rabon aiki: sunayen kayan aiki da sassa galibi aro ne, aikatau da siffanta cuta kuwa na gida ne, kuma suna da daidaiton da ya isa a koyar da sana'a da shi. Rauninta yana wajen ma'aunai da nau'o'in batir, inda kalma ɗaya take rufe abubuwa masu bambancin haɗari. Saboda haka ana ba da shawarar masu aikin keɓaɓɓun kalmomi su fara da tattara abin da ke bakin masu sana'a, su bar kalmomi irin su kwayil da caja da dalma yadda suka zauna, su mayar da ƙarfinsu ga guraben da babu kowa a cikinsu. Ana kuma ba da shawarar sassan Hausa su haɗa hannu da tsangayoyin injiniya da makarantun koyon sana'a wajen rubuta gajerun littattafan gyara da Hausa, a gwada su a hannun yaran shago kafin a buga. Irin wannan nazari za a iya faɗaɗa shi zuwa fanka mai caji da na'urorin hasken rana, waɗanda suka fi buroshi yawa a gidajen Hausawa kuma suke ɗauke da batura masu girma.